Kwalbar Ɓurɓushin Kati

Shafi na 19

Jama'a barkanku. Na ga saƙonninku kaf, har da na baiwar Allahn da ta rantse idan ban haɗa Bahiga da Tafida yau ba ta daina karantawa. Zauna 'yar uwa, ga su nan na haɗa miki. Sai dai ki jawo gefen mayafinki kusa, kar ki ce ban faɗa ba.

*

Bahiga ce ta ƙarshen shiga bas ɗin, kuma da gangan ta yi. Tun daga bakin titi take leƙen tagogi ɗaya bayan ɗaya ko za ta hango kan namiji a ciki. Babu kowa sai direba. Sauran duk tsofaffin mata ne, sun cika kujeru da jakunkuna da ledojin burodi, suna zuba surutu kamar ba su ne kullum ke kukan ciwon gwiwa a waya ba.

'Yan Matan Kati ke nan. Haka suke kiran kansu har gobe, alhali ƙaramarsu ta aurar da jika. Su ne suka yi aikin huda kati a wani ofishin ƙididdiga na Alƙahira, zamanin da kwamfuta ke cinye ɗaki guda ita kaɗai, kuma ba ta jin magana sai an huda mata a jikin kati. Yau tsohuwar shugabarsu, Abla Ensaf, ta tattaro su za ta kai su gidan tarihin kwamfuta, don an ce injinansu na can an killace.

Bahiga dai ba don inji ta zo ba. Shekara arba'in da 'yan kai tana Kuwait, ba ta yi aure ba, ba ta waiwayi kowa ba. Rufe gidan marigayiya mahaifiyarta ne ya dawo da ita, jibi ma za ta koma. Abin da ya fito da ita yau guda ɗaya ne, kuma ko da wuƙa a wuya ba za ta faɗa wa kowa ba. So take ta ga fuskar Usta Wagdi, makanikin ɗakinsu, sau ɗaya tak. Ba ta neman gaisuwa, ba ta neman magana. Ta hango shi ko daga nesa ya rako matarsa Tafida, tsohuwar abokiyar aikinta, ta ga yadda furfura ta yi masa, shi ke nan ta koma inda ta fito.

"La'ilaha illallahu! Wa nake gani?"

Gamalat ce, mai babbar murya, wadda tun suna 'yan mata ba a asiri da ita. Ta jawo Bahiga ta zaunar kusa da ita da ƙarfin tsiya.

"Bahiga 'yar Kuwait! Ke ba kya tsufa ne? Ko a firiji kuke kwana a can?"

"Tsufa kam ga shi nan, Gamalat. Rini ne ya rufa asiri."

"To ba ni sunan rinin. Nawa kwana uku yake ya tona ni."

Mota ta ɗauki dariya. Wannan ta miƙo hannu, waccan ta miƙo kumatu, wata ta tura mata burodi da ta'amiya, ƙosan mutanen Masar, a cinya ba tare da ta tambaye ta ko tana ci ba. Mutum ɗaya ce kawai ba ta juyo ba. Tana kujerar gaba, sanda a tsakanin gwiwoyinta, daga sama har ƙasa baƙaƙen kaya. Ko a cikin dubu Bahiga ba za ta ɓata wannan wuyan ba. Shekara bakwai tana zaune a gefensa.

Ta sunkuyo, ta rage murya.

"Gamalat, baƙin nan da Tafida ta sa fa?"

"Au, ba ki ji ba? Maigidanta ai. Bara, ana saura kwana kaɗan azumi. Yana zaune yana shan shayi, kawai aka ga ya sunkuya. Ko kofin bai faɗi ba."

"Inna lillahi..."

Iyakar abin da ya fito ke nan. Gamalat ta ci gaba da labarin wanda ya zo gaisuwa da wanda bai zo ba, Bahiga kuwa ta juya fuska ga taga. Motoci na ta hon, mai keke da tiren burodi a kansa yana kutsawa tsakaninsu, komai na tafiya yadda ya saba, ita kaɗai aka kwashe wa ƙasa a ƙarƙashin ƙafa.

Ashe ta makara. Da shekara ɗaya kacal.

Wallahi ta ba ni tausayi a wurin nan. Wadda mijinta ya mutu ana zuwa mata gaisuwa, a riƙe hannunta, a ce ta yi haƙuri. Ita wa zai ce mata ta yi haƙuri? Da wane suna za ta yi kukan? Ta danne shi, burodin na cinyarta ya huce ba ta taɓa ba.

Sai ga shi tsaye a idonta kamar jiya. Dogo, fensir a bayan kunne, hannayen riga a naɗe, ƙamshin man inji na bin sa. Ɗakin nan nasu ƙara ce kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano, ba mai jin wani sai da ihu. Idan kati ya maƙale sai yarinya ta ɗaga murya, "Usta Wagdi, inji ya ci kati!" Shi kuma daga duk inda yake, ko kansa na cikin wani injin, amsarsa ɗaya ce: "Kar ki ja shi, ina zuwa."

Injin Bahiga ya fi na kowa cin kati. Abla Ensaf ta sha kai ƙara a canja shi. Ba wanda ya taɓa lura cewa ita ce ke lanƙwasa kusurwar katin da farcenta kafin ta zura.

*

Gidan tarihin tsohon gida ne mai dogon rufi. Wata mata mai fara'a, Madam Nermin, ta tarbe su a ƙofa ta fara bayani tun daga kan allon lissafi na duwatsu. Kafin ta kai rabi 'Yan Matan Kati sun watse mata. Gamalat ce ta hango ɗakin ƙarshe ta kwarma ihu, sai ga tsofaffi suna rige-rige, mai sanda ta manta da sandarta.

Ga su nan a jere, toka-toka, an kewaye su da jar igiya.

"Wayyo injina!"

"Naki a ina? Wannan na Soheir ne, ga inda ta ƙona shi da sigarin saurayinta."

"Allah ya jiƙan Soheir."

"Amin. Madam Nermin, 'yata, babu sauran wuri a bayan igiyar nan? Mu ma a jera mu mana, ai tare aka sayo mu."

Madam Nermin ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ɗage musu igiyar ta ce su taɓa, amma a hankali. Nan fa aka ga abin mamaki. Yatsun da ba sa iya zura allura suka hau maɓallai suna rawa da kansu, masu su na kallo suna share ƙwalla.

Bahiga ba ta matsa ba. Ta zame zuwa kusurwa don kar a ga fuskarta, sai ta yi kiciɓis da abin da ya fi injin ciwo.

A cikin akwatin gilashi, ita kaɗai a kan farin ƙyalle, kwalbar zaitun ce mai jan murfi. Cike take har wuya da ɓurɓushin kati, 'yan mitsi-mitsin takardun da ke zubowa idan inji ya huda. A gefen murfin akwai loɓawa, inda ta taɓa suɓuce mata ta bugi ƙafar tebur.

Kwalbarta ce. Da hannunta ta cika ta.

Ga wanda bai san al'adar ɗakin kati ba, bari in taƙaita. Aikin bibbiyu ake yi. Ɗaya ta huda kati, abokiyarta ta saka shi a nata injin ta sake buga lambobin, idan an yi kuskure inji ya tsaya cak. Bahiga ke hudawa, Tafida ke dubawa. To idan namiji na son wata a ɗakin, ba ya tunkararta. Kwalba yake kawowa babu komai a ciki, ya ba abokiyar aikinta. Ita kuma ta riƙa tara ɓurɓushi a ɓoye, bakinta gum, ba a furta komai sai kwalba ta cika. Ran da ta cika sai ta dire ta a teburin yarinyar, ɗaki ya kaure da guɗa. Ranar biki wannan ɓurɓushin ake watsa wa amarya, ya kwana uku tana tsince shi a gashi.

Wata safiya Bahiga ta shigo da wuri, ta hango Wagdi durƙushe a gindin injinta. Da ya fita ta leƙa, sai ga kwalba ya saƙale a ƙarƙashi, daidai inda ɓurɓushi ke zuba. Injinta, kwalbarsa. Ma'anar ba ta buƙatar malami: ita aka ba aikin tarawa, amarya kuwa abokiyarta ce.

Ta tara. Wata biyu tana huda kati tana jin zubarsa a cikin kwalba, tana dariya da Tafida lokacin shayi, tana komawa gida ta cusa kai a matashi. Ba ta sake lanƙwasa kati ba. Ran da kwalba ta cika ta dire ta a teburin Tafida tun kafin kowa ya zo, ta ɗauki jakarta ta fita. Sati bai zagayo ba ta bi ɗan'uwanta Kuwait. Daga baya wani ya ce mata Tafida ta yi aure. Ba ta tambayi da wa ba, tunda ta san amsa.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ƙarar sanda ta tsaya a gefenta.

"Har yanzu a kusurwa kike laɓewa."

Bahiga ta waiwayo.

"Tafida."

"Ashe ana tuna sunan."

"Yanzu a mota nake jin rasuwa. Wallahi ban sani ba."

"Ina za ki sani? Kin bar wa wani adireshi ne?"

"Ki yi haƙuri. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

"Amin."

Da ta yi shiru a nan da an rabu lafiya. Amma zuciyar da ta cika ba ta iya shiru, ita ma tana son ta faɗi wani abu a kansa ko da kalma ɗaya ce, a gaban wanda ya san shi.

"Mutumin kirki ne. Ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba."

Tafida ta juyo gaba ɗaya, ta kalle ta ta saman tabarau.

"Wa?"

"Maigidanki."

"Shehata? Shehatan da idan yana ciniki a shago ake jin sa daga masallaci? Ke a ina ma kika san shi?"

"Wane ne Shehata?"

"Ikon Allah. Kina yi mini gaisuwar mutum kina tambayata wane ne shi? Alhaji Shehata mai yadi, uban 'ya'yana."

Bahiga ta dafa gilashin.

"To... Wagdi fa? Rabuwa kuka yi?"

"Wane Wagdi?"

"Usta Wagdi."

"Mu rabu a ina? Mun haɗu ne?"

"Tafida, don girman Allah kar ki yi mini wasa. Ba yau ba."

"Ni ce mai wasa? Ni?" Sandar ta bugi ƙasa. "Ke da kika wulaƙanta bawan Allah a gaban ɗaki guda, yau ke ce da bakin cewa kar a yi miki wasa? Idan ba kya son mutum sai ki ce ba kya so. Sai ki kira ni gefe ki ce Tafida, mayar masa. Amma ki ɗauko kwalbarsa ki dire mini a tebur, wato ga shi nan ni in kwasa, ke kin fi ƙarfin makanike? Sannan ki tsallake teku ko sallama babu?"

"Na dire miki ne saboda taki ce!"

"Tawa?"

"Taki mana! A ƙarƙashin injina ya sa ta, da idona na gan shi. Wadda aka ba kwalba ita ke tarawa, ko an canja al'adar ne ban sani ba? Ni aka ba, na tara miki. Wata biyu, Tafida. Kin san abin da wata biyun nan suka yi mini?"

Tafida ta kalli kwalbar, ta kalli Bahiga. A hankali ta laluba bencin da ke bayansu ta zauna, kamar wadda aka zare wa ƙashin baya.

"Zo nan," ta ce, muryar ta sauka. "Zo ki zauna."

"A tsaye ma ina ji."

"Bahiga, injina yana huda kati?"

"Me ya kawo wannan?"

"Amsa mini. Injin dubawa yana huda?"

"Ba ya yi."

"Yana zubar da ɓurɓushi?"

Bahiga ta girgiza kai.

"Ni ya kawo wa kwalbar," in ji Tafida. "Ni, a bakin matakala, yana waige-waige kamar wanda ya sato ta. Ya ce Tafida, ki taimake ni, shekara biyu ina gyara injin da lafiyarsa ƙalau. To ni ina zan samo ɓurɓushi? Sauran masu dubawa roƙa suke a wurin 'yan mata, kowa ta ba su kaɗan. Ni kuwa na ce idan na roƙi Gamalat, kafin azahar har mai shayin ƙofa ya ji. Sai na ce masa, Usta, kai da kullum kana gindin injinta, saƙale ta a can mana. Bahiga ba ta taɓa kallon ƙasa, hancinta kullum a sama yake. Na ɗauka na yi dabara. Har ina yi wa kaina kirari."

Bahiga ba ta san lokacin da ta zauna ba.

"Shekara biyu yana gyara... ya sani?"

"Cewa ke kike lanƙwasa katin? Makanike ne fa, ba makaho ba. Ya ce kullum kusurwa ɗaya ce, da shatin farce."

Wani sauti ya kuɓuce wa Bahiga, ba dariya ba, ba kuka ba. Ta toshe baki da tafin hannu.

"Tawa ce," ta ce ta cikin yatsu. "Kwalbar tawa ce."

"Taki ce, shashasha. Kin zauna kin cika kwalbar bikinki da hannunki, kin dire wa wata, kin gudu."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Ana faɗa ne kafin ta cika? Ke me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

"Ana tambaya ne?"

Suka kalli juna. Tsofaffi biyu, kowacce ta riƙe al'ada da kyau ba ta karya ko gefe ba, ga kuma abin da al'adar ta bar musu a cikin gilashi. Ni kaina da nake ba ku labarin na rasa wadda zan yi wa faɗa a cikinsu.

Tafida ce ta fara fashewa. Ta jawo kan Bahiga ta haɗa da kafaɗarta, tana kuka tana dukan bayanta da dunƙulen hannu.

"Muguwa. Na yi bikina babu ke. Na haihu babu ke. Duk abin dariyar da ya faru sai in juya dama in gaya miki, sai in ga bango. Shekara arba'in ina zaginki, ashe ke ma kina can kina cin wuya."

"Kullum sai na yi mafarkin ɗakin nan, Tafida. Kullum. In ji ƙarar injuna, in farka in ga ni kaɗai ce da na'urar sanyaya ɗaki."

"Allah ya ƙara miki."

"Amin, na cancanta."

Daga can Gamalat ta leƙo, bakinta cike da tambaya. Abla Ensaf ta kamo mayafinta ta mayar da ita baya, yadda take yi musu tun suna 'yan mata.

Bahiga ta goge fuska. Tambayar na bakinta, tsoro ya hana ta fita.

"Ranar... da ya ga kwalbar, me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Ya zo ya tsaya, ya kalle ta a teburina, ya kalli kujerarki. Na ce Usta, ta tafi. Ya ce to. Ya ɗauki abarsa ya sa a jakar kayan aiki. Amma har aka kwashe injunan nan, duk safiya sai ya goge naki ya zuba masa mai, alhali ba wadda ke zama a kai."

"Ya yi aure?"

"Da ƙyar, bayan uwarsa ta yi ta kuka. Mace mai haƙuri, Allah ya jiƙanta, ta daɗe da rasuwa. 'Yarsu ɗaya tana Iskandariya."

"Shi kuma... Tafida, shi yana..."

"Ke kika kashe shi a mota, ba ni ba."

"Yana raye?"

"Wa kike tsammani ya kawo kwalbar nan? Wa kike tsammani ya tayar da gawarwakin injunan can har suke motsi? Duk Talata yana nan."

Bahiga ta ɗago a firgice.

"Yau wace rana?"

"Kin ga dai ba Laraba ba ce." Tafida ta fyace hanci. "Ni na ce wa Abla ko Talata ko ba na zuwa, da na ji kin shigo gari. Ba don alheri na yi ba, kar ki gode mini. So na yi ki gan shi kunya ta kashe ki."

Ta ɗaga sanda ta nuna wata ƙaramar ƙofa a ƙarshen baranda, an ɗan sakaya ta. Sai a lokacin Bahiga ta lura da abin da kunnenta ke ji tun ɗazu ta ɗauka a cikin kanta ne. Tak-tak-tak, a tsaya. Tak-tak-tak, a tsaya. Haka yake gwada inji idan ya gama gyara.

Ta miƙe, ta koma ta zauna.

"Ba zan iya ba."

"Za ki iya."

"Dube ni fa, Tafida. Yarinya ya sani mai kitso har baya. Me zan kai masa yanzu?"

"Shi ma ba saurayi za ki tarar ba, haƙoransa a kofi suke kwana."

"Idan ya ƙi kallona fa? A wurinsa ni ce na watsa masa ƙasa a ido. Gara in tafi da abin da kika gaya mini, ya ishe ni. Wallahi ya ishe ni. Jibi ina jirgi."

"'Yan mata!" Muryar Abla Ensaf ta taso daga tsakar gida. "A fito a yi hoto, direba ya ce zai ɗauko yara a makaranta!"

Tafida ta dogara sanda ta miƙe da nishi. Ta kama hannun Bahiga, riƙon ba na wasa ba.

"Saurara. Shekara bakwai ina duba aikinki, babu kuskurenki ɗaya da ya wuce ta gabana ya shiga kwamfuta. Wannan ne kaɗai ya wuce ni, kuma da hannuna a ciki. Yau na kama shi. Kin san doka, katin da aka kama ba ya wucewa sai an sake bugawa. Tashi."

"Bas ɗin fa?"

"Zan ce ƙafata ta riƙe. Wa ya isa ya tayar da mota ya bar matar mamaci? Wuce."

Barandar ba ta da tsawo, amma Bahiga ta ji kamar ba za ta ƙare ba. Ta gyara ɗankwali, ta sake gyarawa. Ƙamshin man inji ya tarbe ta tun kafin ta kai.

Ta tura ƙofar.

Ya ba ta baya, durƙushe a gaban wani inji da aka buɗe wa ciki. Bayan ya ranƙwafa, gashin ya koma fari fat, ya kaɗe a tsakiya. Hannayen riga a naɗe. Fensir a bayan kunne.

Ta ce a ranta, to ga shi kin gani, abin da kika roƙa ke nan, juya ki tafi. Ƙafar ta ƙi.

"Assalamu alaikum."

Bai motsa ba.

"Usta... barka da aiki."

Tak-tak-tak. Ko gezau.

Ta waiwaya. Tafida na can ƙarshen baranda, ta nuna kunnenta, ta yi alamar a ɗaga murya. Ɗakin kati bai bar kowa da kunnen kirki ba, balle shi da ya fi kowa daɗewa a ciki.

Bahiga, wadda ta yi shekara arba'in ba a ji muryarta ta wuce ƙofar ofis ba, ta rasa me za ta ce da ƙarfi. Sunanta? Haƙuri? Duk ta auna ta ga ba za su fita ba. Abu ɗaya ne kawai ta taɓa iya faɗa masa da ihu.

Ta cika ƙirji da iska, hawaye na gangarowa.

"Usta Wagdi! Inji ya ci kati!"

"Kar ki ja shi, ina zuwa."

Bakinsa ne ya amsa da kansa, kansa na cikin inji, kamar jiya aka yi kiran ƙarshe.

Sai hannunsa ya tsaya.

Sukudireban ya suɓuce, ya gangara a kan siminti har ya zo ya daki takalminta. Ya dafa gefen injin da hannu biyu. Bai juyo ba tukuna.

"Muryar nan," ya ce wa injin, a hankali. "Idan na juyo ban ga kowa ba, wannan karon ba zan iya ɗauka ba."